Za'afaran ɗin Gwaggo Yalwa

Ku da kuka zauna da Gwaggo Yalwa a Dudunni kun san idan ta ce a rufe ƙofa, to magana ta ƙare. Mai daka ta aje taɓarya, mai tari ya haɗiye tarinsa, kaji ma a kora su bayan rumbu. Gwangwanin za'afaran za ta buɗe, wani kayan ƙamshin girki mai tsada. Gwangwanin bai wuce na man zafi girma ba, ƙunshe cikin tsumma, tsumman cikin leda, ledar cikin lalitar da ba ta rabuwa da ƙugunta. Sai ta zauna bisa tabarma ta ba taga baya, ta lashi bakin tsinke, ta manno sili ɗaya tak, ja wur, siriri kamar gemun masara. Duk wanda yake ɗakin ya riƙe numfashinsa har sai murfi ya koma. Yanzu gwangwanin yana hannun babanmu, kuma har yau bai iya buɗe shi ba. Ya ce da ya kai hannu sai ya ji kamar tana tsaye a bayansa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Saratu, ɗiyar ƙanenta Malam Isiya. Da mijin Gwaggo ya rasu ta dawo gidanmu da zama. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta mai da mu 'ya'yanta, ta mai da babanmu ɗan aikenta, shi da farin gemunsa. An raɗa mata Yalwa, amma ko ruwa ta kamfata ba ya ɗiga ta tsakanin yatsunta. Mace ce da take sa reza ta tsaga tsinken ashana biyu, kuma kowane ɓari ya kama wuta, don ba shi da ikon ƙi.

Za'afaran ɗin daga Madina ya zo. Shekarar da ta sayar da shanun da ta daɗe tana kiwo ta tafi aikin Hajji, ta iske wata tsohuwa 'yar ƙasar Iran zaune a harabar masallaci, ƙafa ta kumbura, abokan tafiyarta sun ɓace mata. Gwaggo ta fito da man zafinta ta murza mata ƙafar, ta tallabe ta har masaukinsu. Da za su rabu matar ta danƙa mata gwangwanin nan. Ita ba Hausa, Gwaggo ba Larabci balle yarensu. Sai matar ta nuna bakinta, ta dafa ƙirjinta, ta nuna ƙasa. Gwaggo ta dawo gida da fassararta cikakkiya: abin na abinci ne, na ciwo ne, kuma na gona ne. Ƙanena Nura ya taɓa cewa wataƙila nufin matar shi ne, ki ci, da zuciya ɗaya na ba ki, a ƙasarmu ake noma shi. Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaye shi ko shi ma yana Madina ranar. Bai ƙara ba.

Wata jajiberin Sallah ta tara mu a ɗakinta za ta ciro silin da za a jiƙa na shinkafar gobe. Sili ɗaya ne na tukunyar gida duka, kuma wajibi ne kowa ya ci ya ce ya ji ƙamshi. Ta ɗago tsinken ke nan, atishawa ta kuɓuce wa Baba. Da muka dubi bakin tsinken, wayam.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata mu ke nan. Ta rufe gwangwanin a hankali, ta ce ba mai fita. Aka kakkaɓe tufafin kowa bisa farin mayafi, aka ɗaga tabarma, aka ɗauko rariya aka shiga tankaɗe yashin ɗakin. Innarmu tana jiyo ƙaurin miyarta a kan murhu, ba ta isa ta motsa ba. Aka kira la'asar, Baba ya ce, Yaya, salla. Ta ce Allahn da ya wajabta salla shi ya hana almubazzaranci, a ci gaba. Sai da ya juya zai share zufa, hasken taga ya faɗa fuskarsa, na hango wani abu ja maƙale a gemunsa. Kafin in buɗe baki ta kai hannu ta tsinko shi, har da gashin.

"Gemun nan ya ci abin da cikinka bai ci ba," in ji ta.

Daga ranar Baba ba ya shiga wurin buɗe gwangwani sai ya naɗe hancinsa da rawani.

Abin bai zama damuwa ba sai da ilimi ya shigo ciki. Nura ya dawo hutu daga jami'a, inda yake karatun kimiyyar abinci, yana so ya burge ta. Ya fara da cewa silin nan daga tsakiyar wani fure ake tsinko shi da hannu, kowane fure sili uku kawai yake yi, shi ya sa ya fi kowane kayan ƙamshi tsada. Wannan ya yi wa Gwaggo daɗi, har ta tura mashi ɓarin goro. Ya ci gaba da cewa sinadarai uku ne ke aiki a cikinsa: ɗaya ke ba da launin rawaya idan an jiƙa, ɗaya ke ba da ɗan ɗaci, ɗaya ke ba da ƙamshi. Ya ce na launin sunansa kurosin. Gwaggo ta ji kamar karosin ya ce, wato kananzir. Ta janye goronta, ta jawo muciya kusa, ta ce ya maimaita, kayan Madina ne yake cewa da kananzir a ciki? Da kyar ya lallashe ta. Don ya gyara ɓarnar da ya yi, sai ya ƙara da cewa masana suna ta gwada sinadaran nan, wasu a kan damuwa da ƙuncin rai, wasu a kan ido, wasu ma a kan cututtukan da ke kama shuka. Ya kuma jaddada mata cewa gwaji ne ake yi, ba wanda ya ce a aje maganin asibiti ko na gona a kama shi.

Kunnen Gwaggo kuwa mai zaɓe ne. Ta ɗauki rabin farko, ta bar mashi na biyun. Abin da ta fahimta shi ne masu boko sun gama yawonsu sun zo sun tarar da maganar tsohuwar Madina.

Daminar shekarar wake ya yi kyau, ya fara fure, sai tsutsa ta faɗo mashi. Gayaunar Gwaggo tana manne da gonar Baba, kunya ɗaya ta raba su. Ta hana a yi mata feshi. Wannan gonarta ce, ba wanda ya ja. Amma sai ta hana Baba ma ya fesa tasa, wai iska za ta kwaso guba ta kai kan wakenta. Ita za ta yi maganin gonakin biyu. Ta jiƙa sili a bokiti, tana tsoma tsintsiya tana yayyafawa kunya-kunya, bakinta na motsi.

Ku tuna, waken nan shi ne cefanenmu na shekara. Kullum Baba zai je gona ya dawo da furen da ya zube a tafin hannunsa, ya buɗe ya nuna wa Innarmu tsutsar kwance a ciki. Ya daina cin abincin kirki. Innarmu ta ce mashi ko dai ya tunkari yayarsa, ko ya shirya zuwa awon wake a kasuwa kamar wanda ba shi da gona. Ya tashi da zafinsa ya je ƙofar ɗakin Gwaggo ya yi sallama. Ta ce mene ne. Ya ce gaisuwa ya zo yi. Ya dawo ya zauna.

Allah ya kawo wani suna a Yashe, Gwaggo ta tafi za ta kwana can. Ƙarar mashin ɗin da ya ɗauke ta ba ta gama ɓacewa ba Baba ya goya tankin feshi. Ya fesa tasa, ya tsaya bakin kunya yana kallon tata, ya ga in ya bar ta daga can tsutsar za ta sake tsallakowa, sai ya fesa tata ma. Ya dawo ya roƙe mu da girman Allah kada wanda ya buɗe baki.

Wake ya yi 'ya'ya jingim, nan kuma sabon tashin hankali ya fara. Gwaggo ta shiga gida-gida tana ba da labari, ta ƙullo wake a gefen zane tana nuna wa mata a bakin rijiya. Kafin a gama roro magidanta sun fara sallama da Baba, suna roƙon ya sa baki Hajiya ta sam masu ruwan nan baɗi. Wasunku suna cikinsu, ba sai na kama suna ba. Wani maƙwabcinmu mai tarin iyali ya ce shi kam shi da maganin feshi har abada. Baba ya ga in ya yi shiru, baɗi gonakin mutane za su lalace a wuyansa. In ya yi magana kuma, ga Yaya. Mutum ya shiga rama a tsaye.

Ranar da ya yanke shawara ya sa mu duka muka zauna a tsakar gida, ina jin don a samu masu rabon faɗa. Gwaggo tana ɓarar wake a faifai. Ya durƙusa daidai inda hannunta ba zai kai ba, ya faɗi abin da ya yi tun daga farko. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da ɓara, tsakar gidan ya yi tsit har muna jin fashewar kowane kwanso.

"Isiya, kana tsammanin hancina ya mutu? Tun daga bakin hanya na jiyo warin abinka ran da na komo."

Baba ya tambaye ta to me ya sa ta yi shiru, har tana tara mashi jama'a a ƙofar gida.

"Don ba kai ka kashe tsutsotsin ba. Nawa ya riga ya karya masu ƙugu. Kai gawa ka iske ka hau duka."

A kan haka aka daidaita. Baba ya bi maƙwabta ya gaya masu su yi feshinsu kamar kullum, ita kuma, duk mai so, ta riga shi shiga gonarsa da tsintsiya. Ba wanda ya rasa wakensa, ba kuma wanda ya isa ya ce ba aikinta ba ne.

Wannan duka wasa ne a kan abin da ya faru da ni.

An kai ni Kankia gidan Malam Lawal, malamin firamare, mutum mai haƙuri da ba a cika jin muryarsa ba. Na yi ɓari, na sake yi, daga nan shekaru suka wuce shiru. Da Allah ya sake ba ni ciki muka ɓoye, amma Gwaggo ta gane tun daga muryata a waya. Washegari sai ga ta a ƙofar gida da ƙullin kayanta, ta ce ba ta komawa Dudunni sai ta ga abin da ke cikin nan da idonta. Ta karɓe girki, ta hana ni ɗaukar ko buta. Ta shirya da wata Bafulatana mai kawo madara daga wajen Sukuntuni. Kullum da safe ta dafa, ta shiga ɗaki ita kaɗai ta rufe ƙofa, ta fito mani da madarar a wani kofin roba nata, ta tsaya a kaina sai na shanye. Ta ce za'afaran ne a ciki, zai riƙe cikin, ya kuma buɗe wa yaro kai. Ina sha, don ban ga abin ƙi ba, kuma ko na gani ina ni ina musu da Gwaggo.

Ciki ya fito sosai, har na fara jin motsi. Wata safiya Nura ya kira yana tambayar jikina, na ba shi labarin madarar ina dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya tambaye ni tun yaushe nake sha, kuma nawa take sawa. Na ce tun zuwanta, yawan kuwa ita ta sani. Ya ce in dakata da sha daga yau, domin ɗan abin da ake sawa a girki ba komai ba ne, amma idan ya yi yawa yana iya motsa mahaifa, shi ya sa ake jan kunnen masu ciki a kansa. Ya ce in je in gaya wa ma'aikatan asibiti.

Na aje wayar. Na rasa ta inda zan fara gaya wa Gwaggo, na ce bari Malam ya dawo daga makaranta. Kafin azahar marata ta fara murɗawa, zazzaɓi ya rufe ni. Na shiga bayi na ga ɗan jini.

Wadda ta taɓa ɓari ta san abin da na ji a lokacin. Na kira Malam, ya baro aji ya zo da motar wani abokinsa. A hanya na gaya mashi abin da Nura ya ce. Gwaggo tana gefena ta ɗora kaina bisa cinyarta, ta ji komai. Malam Lawal, wanda tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa haɗa ido da ita ba, ya juyo daga kujerar gaba ya ce:

"Gwaggo, idan cikin nan ya zube, ki sani da hannunki kika zubar da shi."

Gwaggo ta kau da kai. Hannunta dai bai bar goshina ba.

A asibiti aka kwantar da ni, aka ɗebi jini, aka sa mani ruwa. Wata malamar jinya, babbar mace mai tabarau, ta saurari bayanin Malam, ta ce a kira mata tsohuwar. Gwaggo ta shigo ta tsaya bakin gado, duk ta ƙanƙance, ban taɓa ganin ta haka ba. Malamar ta ce dole ta san yawan abin da ake ba ni, don likita ya san matakin da zai ɗauka, a nuna mata. Gwaggo ta dubi taga a buɗe, ta dubi fanka na juyawa, ta dubi jama'ar da ke ɗakin. A rayuwarta ba ta taɓa kwance lalitar nan a gaban baƙo ba. Malam ya ce don Allah ta yi sauri. Sai ta sa hannu a ƙugu.

Ba gwangwanin ta ciro ba, wani ɗan ƙyalle ne a ninke. Ta warware shi bisa tafin hannunta, sai ga sili ɗaya kwance, ya koɗe ya yi fari fat kamar zaren buhu.

Malamar ta tambaya ko irin wannan take sawa kullum. Gwaggo ta ce ba irinsa ba, shi ɗin ne. Tun ranar da ta zo Kankia shi take tsomawa a madara, ta yi bismilla, ta tsamo shi, ta shanya bisa ƙyalle, gobe ta sake. Na ɗago kai da kyar na ce, amma Gwaggo ai rawaya nake ganin madarar.

"Kofin ne rawaya," in ji ta, kanta a ƙasa.

Malamar ta cire tabarau, ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Da ta samu ta iya magana, ta ce wa Malam ta wannan gefen ya kwantar da hankalinsa, madara zalla matarsa take sha. Mu ba mu samu sukunin dariya ba, don jinin bai tsaya ba tukuna, kuma ba wanda ya san abin da ya kawo shi. Muka yi ta jira. Gwaggo ta ƙi zama a kan benci, ta zauna a ƙasa bakin ƙofa da carbinta, duk ma'aikacin da ya wuce ta bi fuskarsa da kallo. Ni kuwa hannuna na kan cikina, ina neman motsi ban ji ba. Sai wajen la'asar sakamako ya fito, zazzaɓin cizon sauro ne ya yi mani mugun kamu. Aka fara magani, aka ɗora wata na'ura a kan cikina, aka yi ta yawo da ita. Shiru. Malamar ta ɗan matsa da ita gefe, sai muka ji bugun zuciya, fat-fat-fat, da sauri kamar mai tsere.

Malam ya fita ya durƙusa gaban Gwaggo a baranda, a idon mutane, ya roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe, amma ya sani albarka ake nema a abin, ba launi ba, kuma ya gaya wa mai tabarau ta daina yi wa manya dariya.

Mai tabarau ɗin ce kuwa ta lura Gwaggo ta miƙe tana tangaɗi. Ta kamo hannunta ta ɗaura mata abin awon jini, ta duba, ta sake aunawa, fuskarta ta canza. Ta ce jinin Hajiya ya hau sosai, kuma ba na yau ba ne. Gwaggo ta ce surukinta ne ya hau da shi, in an ƙyale ta zai sauka. Likita ya rubuta mata ƙwaya, ya ce guda kullum, har iyakar rai. Ta ce ita tana da maganin ƙirji a ƙugunta.

Muka yi lallashi, Baba ya zo daga Dudunni ya yi nasa, Nura ya yi ta waya har muryarsa ta dishe, yana tuna mata ko masu binciken da ya ba ta labari ba su ce a bar ƙwaya ba. Ta ce mutumin da ya ce da kananzir a ciki maganarsa ba abar kamawa ba ce. Haka muka yi ta fama har na haihu lafiya, mace. Suna ya matso, na same ta tana gasa wa jaririyar cibiya, na ce mata Malam ya yi niyyar raɗa wa yarinya sunanta, amma ni ba zan yarda a sa wa ɗiyata sunan wadda ke shirin tafiya ta bar ta ba. Ta harare ni, ta ce zaman Kankia ya koya mani sharri. Washegari da safe ta haɗiyi ƙwayar farko a gabana, ta kora da ruwan za'afaran, wai don kada ƙwayar ta ɗauka ita kaɗai ke aikin.

Ta koma Dudunni. Duk wata Malam yake aika mata magani, duk wanda ya tambaye ta ta ce tana sha, kuma gaskiya ta faɗa. Takwararta ta yi ƙafa, ta yi baki, har ta shiga makaranta. Muka saki jiki.

Ran nan da hantsi, lokacin girbin gero, Baba ya kira ni. Da farko ban gane muryarsa ba. Ya ce Yaya ta faɗi a bakin rumbu, bakinta ya karkace, suna hanyar asibitin Kankia. Na riga su isa asibitin. Aka shigo da ita ɓarin jikinta na dama ba ya motsi, idonta kuwa tar, yana bin kowa. Likita ya tambaya ko tana shan maganinta, muka haɗa baki muka ce tana sha. Ya ce a kawo ya gani. Innarmu ta kwance ƙullin kayanta, ta fito da wani gwangwanin madara mai nauyi. Cike yake da ƙwayoyi, kowace an raba ta gida huɗu, tsaf, ba wadda ta fi wata. Ashe duk shekarun nan kwata take sha, sauran tana tarawa.

Likitan ya aje gwangwanin. Ya sunkuya ya tambaye ta don me. Da kyar maganar ta fito ta gefen baki, sai da na kai kunnena.

"Ƙwaya guda, ga mutum guda, kullum? Ɓarna."

Na maimaita masu abin da ta ce. Baba ya fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ya fita waje.

Ta yi kwanaki a gadon nan. Wani lokaci ta gane mu, wani lokaci ta kira ni da sunan mahaifiyarta. A gadon da ke kusa da nata akwai wata mata daga wani ƙauye, ita ma hawan jini ne, 'ya'yanta suna ta faɗi-tashin samo mata magani, kuma Gwaggo tana jin su. Ranar ƙarshe da safe ta samu sauƙi har ta sha kunu, muka ɗauka jikin ya juyo. Ta yafito ni da hannun hagu, ta ce a ba matar nan gwangwanin madarar, kada su lalace. Na ce Gwaggo ba a ba wani maganin wani sai likita ya yarda. Ta ce to in tambaye shi. Sannan ta riƙe mani yatsa gam, ta ja numfashi.

"Ki ce mata huɗu za ta riƙa haɗawa. Kada ta yi irin tawa."

Iyakar sanina wannan ne karo na farko da Gwaggo Yalwa ta yarda a ci abu gaba ɗayansa, kuma shi ne karo na farko da na ji ta amsa ba ta yi daidai ba. Kafin azahar ta cika, Baba yana riƙe da hannunta yana laƙanta mata kalmar shahada.

Allah ka jiƙan Gwaggo, ka yafe mata taurin kanta, mu shaida ne ba ta taɓa tauye mana mudu a ƙauna ba. Kai ba ka raba rahamarka gida huɗu, ka ba ta cikakkiya. Ka sanyaya makwancinta, ka sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.